Takardar Darasin Yaya

A gidan da takardun digiri uku ke rataye a bangon falo, kowace cikin gilashinta, a nan aka rasa wanda zai zauna da yayana na minti ashirin. Ni ce ƙanwarsa. Ba kuma zan wanke kaina ba, ina da nawa kason a cikin abin da zan faɗa.

Yaya kafinta ne. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi yana tsaye a shagonsa da zarto a hannu. Hannun dama ya tafi, ƙafa ta dawo amma sai da ja, magana kuwa ta maƙale. Yana ji, yana gane komai, sai dai in ya buɗe baki kalmar ba ta fitowa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, saboda haka babban ɗansa ya ɗauke shi zuwa gidansa. Hedimasta muke kiransa duk dangi, don shi ne shugaban wata makarantar firamare, kuma yana son sunan. Matarsa ita ma malama ce. Sai Auta, ƙanwar Hedimasta, da ke zaune tare da su tana karatun digiri na biyu.

Ina nan ranar da aka fara kai Yaya wurin matar da ke koya wa irinsa magana a asibiti. Likitar magana muke ce mata. Siririya ce, ba ta da hayaniya. Ta ɗaga masa kati mai hoton kujera, ta zuba masa ido, ta yi shiru. Ya yi ta motsa leɓe har gumi ya tsatso masa a goshi. Bai faɗa ba, amma ta ce ta ga abin da take nema.

"Baba zai iya koyo," ta ce mana. "Amma watanni shidan nan na farko su ne masu albarka. Abin da zan yi da shi sau ɗaya a wata ba wani abu ba ne, aikin a gida yake."

Ta miƙo katuna ɗaure da roba, da wata takarda mai layuka. Kowace rana da gidaje biyu, safe da yamma. In an zauna da shi minti ashirin, sai a sa alama a gidan.

"Kada ku faɗa masa kalmar. Ku nuna masa hoton, ku jira shi, ko zai yi minti biyar yana nema. In yana ci gaba za mu ƙara masa lokaci. In kuma ana yin darasin amma babu ci gaba, dole mu ba wani gurbinsa, don masu jira suna da yawa."

Hedimasta ya yi dariya, ya karɓi takardar ya ninke ta a aljihu.

"Likita, ai gidan malamai kika kawo wannan maganar. Ki ɗauka an gama."

Ni ɗinki nake yi, kuma unguwarmu da nisa, sai na hau mota biyu. Don haka ran Asabar nake zuwa. Asabar ta farko na tarar da katunan a saman firji, robar ma ba a cire ba. Yaya yana zaune a falo shi kaɗai yana kallon labule. Na sauko da su, na jawo kujera gabansa, na ɗaga wanda ya zo hannuna. Hoton kofi ne.

Ya daɗe. Bakinsa ya karkace, ya rintse ido, ya buga cinyarsa da hannun hagu. Sau biyu kalmar ta zo mini bakin harshe na haɗiye ta. Can sai na ji, "Ko... kofi."

Muka tsaya muna kallon juna. Sai ya sake faɗa, ya kuma sake, kamar yana tsoron kada ta gudu. Ina dariya ina share hawaye da gefen mayafi Malama ta shigo daga kicin.

"Gwaggo, me kuke yi?"

"Darasi muke yi. Kin ji abin da ya ce?"

"Na ji. Amma ai abin yana da tsari, Gwaggo. Ba haka kawai ake zaro kati ba. In aka koya wa mutum ba daidai ba, warwarewa ta fi wuya."

Da Hedimasta ya dawo ta gaya masa. Ya zauna kusa da ni, ya yi ƙasa da murya irin yadda yake yi wa iyayen yara.

"Gwaggo, mun san kina son Baba. Amma wannan fanninmu ne, ki bar mana. Ke dai ki riƙa zuwa kina ɗebe masa kewa."

A aji uku na tsaya a makaranta, kuma duk wanda ke falon ya sani. Kunya ta rufe ni. Malama ta tattara katunan ta sa su a kabad ɗin faranta, ta murɗa makulli. Yaya ya bi su da ido har aka rufe.

Daga nan kowace Asabar sai na tambaya, kowace Asabar kuma da amsarta. Hedimasta yana fita da sassafe, yana dawowa a gajiye, akwai taron malamai, akwai jarrabawa, akwai sufeto. Malama tana da yaran lesin da yamma, ga girki. Auta kuwa takan jingine masa wayarta a jikin filo, ta kunna masa waƙoƙin yara, ta ce bincike ya nuna waya ma tana koyarwa. Ita sai ta koma ɗaki da kwamfutarta. In an kira ta a wayar ta zo ta ɗauke, darasi ya ƙare ke nan.

Ba wai sun bar shi da yunwa ko datti ba. Wannan ba zan yi musu ƙarya ba. Ana masa wanka, ana ba shi magani a kan lokaci, kayansa a goge. Abin da suka kasa shi ne jira. Da ya buɗe baki wani zai riga shi.

"Ruwa yake so."

A miƙa masa ruwa. Ya kau da kai.

"To, banɗaki ne. Baba, banɗaki?"

Ya girgiza kai, yana nuna taga.

"Kai, Baba ya zama sai a hankali," in ji Auta, ta ajiye kofin ta wuce. Iska kawai yake so a buɗe masa.

In baƙi sun zo gaisuwa, a kansa ake hira yana zaune. Ya ci abinci? Yana barci? Yana gane mutane? Hedimasta ya yi ta bayani da manyan kalmomi, yana nuna gefen kansa da biro. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana koya wa mutane riƙe guduma, wanda zai tsaya a bayan mai koyo ya bar shi ya ɓata katako ba tare da ya ƙwace masa ba, shi ne ba a iya ba shi minti ɗaya ya nemo kalmarsa.

Amma Yaya bai saki ba. A wata na biyu ya samo wa kansa dabara. Yaran lesin na Malama a falo suke zama, a kan dogon teburin da shi ya ƙera da hannunsa. Da ya ji sun fara bita sai ya jawo ƙafarsa har bakin ƙofar ɗakinsa, ya zauna a kan kujera, yana binsu. Suna cewa ba, yana cewa ba. Suna cewa bi, yana fama. Na gan shi da idona wata Asabar, ya kafe allon da ido kamar zai haɗiye shi, miyau na zubo masa a gefen baki bai ma sani ba.

Yara kuwa yara ne. Suka fara ƙyalƙyala dariya, wata ta kwaikwaye shi a gida, uwarta ta zo ta yi ƙorafi wai ana tsorata mata 'ya. Da na dawo mako na gaba an mayar da Yaya ɗakin baya, wanda a da ake ajiye buhuna da tsofaffin littattafai. Tagarsa katangar maƙwabta take kallo.

"Ya fi masa kwanciyar hankali," in ji Malama. "Hayaniyar yara ba ta da kyau ga mai hawan jini."

"Ai shi yake fitowa da kansa," na ce.

"Gwaggo, mara lafiya ba ya sanin abin da ya dace da shi."

Na wuce ɗakin baya wurinsa. Gidan ba nawa ba ne, kuma ita ce mai takardar digiri.

A ɗakin baya ya fara ramewa. Kofin da ya iya faɗa ma ya ɓace masa. Da can in na shigo yakan yi yunƙurin kiran sunana, yanzu sai dai ya ɗaga hannu. Wani lokaci in tarar da shi yana motsa leɓe shi kaɗai, yana kallon kwalin littattafan da ba a kwashe ba.

Ranar komawa asibiti ta wata na huɗu na sammako don in raka su. Na tarar da Malama a teburin falo da takardar likita a gabanta, da biro uku a jere, shuɗi da baƙi da ja. Tana sa alama a gidajen nan bi da bi. In ta yi kwana uku da shuɗi sai ta ajiye ta ɗauki baƙi. Wani gidan ta karkata hannu, wani ta danna da ƙarfi.

"Me kike cikewa?"

"Takardar Baba ce, Gwaggo." Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Biro uku fa?"

"Don kada ta yi kama da ta rana ɗaya. Haka muke yi wa littafin shirin darasi in sufeto zai zo."

Ta faɗa ne kamar mai ba ni dabarar cire tabo a zane. Na juya wajen kabad. Katunan suna nan bayan gilashi inda ta ajiye su, har ƙura ta kwanta a kan na sama.

"Amma ba a yi ba," na ce.

"Ai kullum yana jin magana a gidan nan. Shi ma darasi ne."

Hedimasta ya fito yana ɗaura agogo. Ya dubi fuskata, ya dubi takardar, ya ja ni zuwa baranda.

"Gwaggo, so kike a ce a asibiti ɗan da ya haifa, hedimasta guda, ya kasa kula da ubansa? Matar nan ta san makarantata. Ki rufa mana asiri. Hutu ya kusa. Wallahi da an yi hutu ni da kaina zan zauna da shi, safe da yamma, mu rama duk abin da ya wuce."

Na goya shi yana jariri. Da ya ce in rufa asiri, sai na ji kamar asirin nawa ne. Muka je, likita ta duba takardar, ta gwada Yaya, ta ce a ci gaba da ƙoƙari. Ina zaune a gefe da jakata a cinya, na rufa musu asirin.

Hutu ya zo. Aka tura Hedimasta bita ta mako uku a wani gari, a kan yadda ake koyar da yaran da ba sa saurin ganewa. Ya dawo da satifiket, aka sa masa gilashi aka rataye kusa da sauran.

Wata na shida duk muka je, har da Auta. Likita ta shimfiɗa takardun a kan tebur. Babu gida ko ɗaya da ba alama. Ta ɗaga wa Yaya kati, ta jira. Ta ɗaga wani, ta jira. Kati goma, bai faɗi ko ɗaya ba. Ta ajiye su a hankali.

"Ban cika ganin gidan da ya riƙe darasi haka ba," ta ce. "Kwana ɗari da tamanin ba fashi."

"Haƙƙi ne a kanmu, Likita," in ji Hedimasta.

Sai ta juyo wajena. Ban san me ta gani a fuskata ba.

"Mama, ke ma kina gani ana yi da shi?"

Hedimasta bai kalle ni ba, takalminsa yake kallo. Malama ta gyara mayafi. Yaya kuwa ya juyo gaba ɗaya, ya zuba mini ido.

"Ana ƙoƙari," na ce.

Yaya ya daki teburin da hannun hagu har katunan suka zame. Ya sa yatsa a kan takardar, yana dannawa, jijiyoyin wuyansa sun tashi.

"Ba... ba..."

"Godiya yake miki, Likita," in ji Hedimasta da sauri.

"Ku bar shi," ta ce. "Baba, ina jin ka. Ɗauki lokacinka."

Ta jira shi, ba zan ci haƙƙinta ba. Amma mutumin da aka yi wata shida ba a jira shi ba, ba zai tsinci kalma a minti biyu ba, ga idanun mutum biyar a kansa. Ya yi ta yunƙuri har numfashinsa ya sarƙe. Daga ƙarshe ya janye yatsan, ya sauke kai.

Ta yi rubutu a fayil. Ta yi mana magana da taushi. Ta ce wani lokaci raunin yana da zurfi, ana yin duk abin da ya kamata amma ƙwaƙwalwa ba ta karɓa. Ta ce an kai inda za a kai, za a ba wani gurbin. Duk wannan a kunnen Yaya.

A mota Hedimasta ya sauke ajiyar zuciya.

"To, mun yi iya ƙoƙarinmu. Haka Allah ya ƙaddara."

"Sai haƙuri," in ji Malama. Ta tambaye shi ko zai tsaya a sayi burodi.

Kwana tara na yi ina ɓata wa mutane ɗinki. Na haɗa hannun riga a baibai, na yanke zanen wata ya gaza. A rana ta goma na rufe keken ɗinki na tafi asibiti ni kaɗai, na zauna a benci har ta sallami kowa. Na gaya mata komai, har biron nan uku.

Ta cire tabarau ta ajiye.

"Mama, da takardar nan ta zo mini babu komai a ciki, da na gode. Da na san matsalar a gida take, da na nemi wani a dangi na nuna masa yadda ake yi. Amma an kawo mini ita a cike. Sai na ɗauka Baba ne ya kasa."

"A mayar da shi mana, don Allah."

"An riga an ba wani gurbin. Zan sa shi a layi, amma sai ya jira wata takwas ko fiye. Watannin da suka fi amfani kuma sun wuce." Ta buɗe durowa ta ciro sababbin katuna. "Ki gwada da kanki. Ana samu, sai dai a hankali."

"Ni ba ni da ilimi, Likita. Aji uku na yi."

"Kin iya nuna hoto ki yi shiru?"

"Na iya."

"To shi ke nan abin da na nema tun farko."

Na fito ina jin kamar in zauna a ƙasa in yi ihu. Abin da aka ce mini sai mai digiri, ashe ko ni ma na iya, na ma taɓa yi ya yi aiki, na bari aka kore ni da kalmar tsari.

Washegari na tafi gidan. Ban nemi izinin kowa ba. Malama ta ga katunan a hannuna ta kau da kai, don yanzu babu takardar da za a kai wa kowa. Na shiga ɗakin baya, na zauna a bakin gadon, na ɗaga masa guda.

Ya dubi katin. Ya dube ni. Ya miƙo hannun hagu ya karɓa, ya kife shi a kan cinyata. Sannan ya kwanta ya juya fuskarsa bango.

Na ce fushi ne, zai huce. Na koma washegari, da jibi. Na bar ɗinki na rabin yini ina hawa mota biyu kullum. Na roƙe shi, na ba shi haƙuri, na gaya masa na je na faɗi gaskiya. Na ce masa likita da bakinta ta ce zai iya. Ko leɓensa bai motsa ba. Wanda a da yake jan ƙafa ya zauna cikin dariyar yara don ya tsinci harafi ɗaya, yanzu ya daina gwadawa ko shi kaɗai.

Gidan kuwa ya samu sauƙi. In dangi sun zo, Hedimasta yakan tsaya a bakin ƙofar ɗakin baya ya ce, "Likita ta ce ƙwaƙwalwarsa ba ta ɗauka kuma." Malama ta yi hoton takardun nan ta ajiye, tana nuna wa duk wanda ya tambaya. A yi ta sa musu albarka, ana cewa ba kowane ɗa ne zai yi haka ba. Auta ta gama digirinta, yanzu gilasai biyar ne a bango. Babu wanda ya taɓa dukan Yaya a gidan nan, babu wanda ya zage shi. Rubutawa kawai suka yi cewa an koya masa bai iya ba, aka karanta masa a gabansa, aka kuma rufe fayil.

Ina jin haushinsu, kuma zan mutu da shi. Amma su da daɗewa ya daina sa rai da su. Malama tana kawo masa abinci ya karɓa. Hedimasta yana leƙowa da safe ya ce Baba ina kwana, ya ɗaga masa hannu. Ni kaɗai ce in ya ji takuna a baranda yake juya baya, kuma ban ga laifinsa ba. Ni ce na san zai iya, aka tambaye ni a gabansa yana kallona, na ce ana ƙoƙari.